Daga Turmi Zuwa Tanderu: Canji Iri Biyu a Abincinmu

Ɗalibi ba ya daɗewa a ajin kimiyya kafin a koya masa cewa canji iri biyu ne. Akwai canjin kama, wanda wasu ke kira canji na zahiri, akwai kuma canjin sinadari. Yawancinku kun haddace wannan har da misalan littafi: ƙanƙara ta narke, takarda ta ƙone, ƙusa ta yi tsatsa. Amma a sauya misalin, a ce, "Dakan gero wane irin canji ne?" sai aji ya rabu biyu. Rabi su ce na kama ne, rabi su ce na sinadari ne, tun da gari ba ya komawa gero.

Waɗanda suka ce na sinadari ne ba shirme suka yi ba. Ƙa'idar da aka ba su suka bi, cewa canjin kama ana iya mayar da shi yadda yake, canjin sinadari kuwa ba a iyawa. Ƙa'idar ce gurguwa. Tana aiki a kan ƙanƙara, amma ta faɗi a bakin turmi. Tambayar da ta fi ta ƙarfi ita ce: an sami wani sabon abu wanda a da babu shi, ko kuwa abin nan ne dai ya sake kama?

Abubuwa da yawa an gina su da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana kiransu molekul. Su kuma molekul haɗuwa ce ta waɗanda suka fi su ƙanƙanta, wato atam. Ku ɗauki atam kamar haruffa, molekul kamar kalma. Rubuta "gora" da alli ko da biro, da manyan baƙaƙe ko ƙanana, a allo ko a ƙasa, gora ce dai. Wannan shi ne canjin kama. To, kwance haruffan ka sake jera su, sai ga "rago". Ba a ƙara harafi ko ɗaya ba, ba a rage ba, amma an sami sabuwar kalma. Wannan shi ne canjin sinadari. Ku riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

Aikin turmi da rariya

Tun daga gona har bakin tukunya, kusan duk wahalar da ake sha a kan gero da dawa canjin kama ce. A yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace dusa, a wanke, a daka, a tankaɗe. Ana raba abin da ke haɗe ne, ana kuma mai da babba ƙarami. Sitacin da ke cikin ƙwayar gero shi ne a cikin tsaki, shi ne kuma a cikin gari. Haka nan yankan albasa, da shanya tumatir da kuɓewa, da jiƙa gishiri a ruwa. Gishirin ya ɓace wa ido, amma harshe ya san yana nan. Masu dafa gishiri a kwarin Foga, a Jamhuriyar Nijar, da wannan suke cin abinci tun zamanin da: su tace ƙasa mai gishiri da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙafe, gishiri ya fito.

Gyaɗa ta fi ba da darasi, domin canjin biyu suna bin juna a cikinta. Ba kuma baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama babbar matattarar gyaɗa da ake lodawa zuwa kudu, kuma har yau mai da ƙuli-ƙuli sana'ar mata ce daga Zurmi har Shinkafi. Ku lura da mai yin ƙuli-ƙuli. Da farko takan soya gyaɗar. Ɗanyar gyaɗa fara ce mai gafi, soyayya kuwa ja ce mai ƙamshi. Wannan ƙamshi ba ɓoye yake a cikin ɗanyar ba, wuta ce ta haife shi, saboda haka suya canjin sinadari ce. Sa'an nan ta murje ɓawo, ta bushe shi, ta kai niƙa, ta riƙa juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya tsatso ya rabu da tunkuza. Duk wannan canjin kama ne, domin man yana cikin gyaɗar tun tana gona, fito da shi kawai aka yi. Da ta mulmula tunkuzar ta jefa a mai, launi ya sake, ƙamshi ya ƙaru, an koma canjin sinadari ke nan.

Madara ma haka. Bafulatana takan zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara ta rufe ta kwana. Cikin tsohon nonon nan akwai bakteriya, wasu halittu ƙanana ƙwarai, masu cin sukarin madara su mai da shi asid na laktik. Asid ɗin ne tsamin da kuke ji, shi ne kuma ke sa furotin na madara ya daskare ya zama kindirmo. Luwi Fastar, masanin kimiyya na ƙasar Faransa, shi ya nuna a 1857 cewa rayayyun halittu ne ke wannan aiki. Amma kaɗa nono don a cire man shanu canjin kama ne. Ɗigon mai ne da ke warwatse suke karo da juna har su dunƙule.

Burodi

Babu abincin da ya tara canji iri-iri a wuri guda kamar burodi. Mutanen Masar sun san burodi mai tashi shekaru dubbai da suka wuce, ba tare da sun san dalilin tashinsa ba. Mu bi shi daki-daki.

Mai gidan burodi yakan haɗa fulawa da ruwa da gishiri da sukari da ɗan mai da yis. Narkewar gishiri da sukari canjin kama ne. Amma da ruwa ya taɓa fulawa, wasu furotin iri biyu da ke cikin alkama sukan fara kama juna, su zama wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Murzawa da bugu da ake yi wa kwaɓin, da hannu ko da inji, su ke miƙar da gulutin ya zama kamar raga mai talewa. Kuna iya ganinsa da idonku. Ku kwaɓa fulawa da tauri, ku bar ta ɗan lokaci, sa'an nan ku riƙa wanke curin a kwanon ruwa a hankali. Farin da ke fita sitaci ne. Abin da ya rage a hannu, mai kama da cingam, shi ne gulutin.

Gero da dawa da masara da shinkafa ba su da gulutin. Shi ya sa ba a yin burodi mai tashi da su su kaɗai. Nijeriya ta ga haka a aikace. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, da nufin a dogara da wadda ake nomawa a gida, a wurare irin su Kadawa a Kano da Bakolori kusa da Talatar Mafara. Alkamar gida ba ta isa ba, aka yi ta ƙoƙarin gauraya fulawa da garin wasu hatsi, amma da garin ya yi yawa sai burodi ya danƙare. A 1992 aka janye hanin.

Yis kuwa ba hoda ba ce kawai kamar yadda ake gani a leda. Halitta ce mai rai, dangin naman kaza, barci take yi. Da ta sami ruwa da ɗumi da sukari sai ta farka ta shiga ci. Tana cin sukari, tana fitar da abu biyu: iskar kabon dayoksaid da barasa. Ga canjin sinadari tsantsa, domin sukari ya tafi, sababbin abubuwa biyu sun zo. Idan sukarin da aka zuba ya ƙare ma ba ta rasa abinci, domin a cikin fulawa akwai wasu sinadarai masu saurin da aiki, ana ce da su enzayim, waɗanda ke farfasa sitaci ya zama sukari. Irinsu na cikin yawunku. Ku tauna burodi marar sukari ku daɗe ba ku haɗiye ba, za ku ji ya fara zaƙi.

Iskar da yis ke fitarwa tana neman hanyar fita, ragar gulutin ta tare ta. Sai kwaɓi ya kumbura. A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe a jarrabawa: samar da iskar canjin sinadari ne, amma kumburin kansa canjin kama ne, kamar hura balan-balan. Lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kaɗawa da asuba, kwaɓi yakan yi nawar tashi, domin sanyi na rage wa yis kuzari. Da bazara kuwa sai an sa masa ido, kada ya wuce ya yi tsami.

Da an sa shi a tanderu, mai zafin digiri 200 ko fiye a ma'aunin Salshiyos, abubuwa sukan faru da sauri. Iskar da ke ciki ta faɗaɗa, ruwa ya fara zama tururi, burodi ya ƙara tashi na ƙarshe. Barasar nan ta bi tururi, kusan dukkanta ta fice. Waɗannan canjin kama ne. Wajen digiri 60 yis ta mutu, aikinta ya ƙare. Sitaci ya sha ruwa ya kumbura, gulutin ya dahu ya tsaya cak kamar yadda farin ƙwai ke sandarewa, ramukan iskar suka zauna a inda suke. Su ne ƙananan ramukan da kuke gani idan kun yanka.

Me ya sa baya ke yin ja, ciki ya tsaya fari? Ciki na da ruwa, kuma muddin akwai ruwa, zafinsa ba ya wuce digiri 100. Bayan kuwa ya bushe, zafinsa ya haura 140. A wannan zafi sukari da gutsattsarin furotin sukan haɗu su haifar da ɗaruruwan sababbin sinadarai masu launi da ƙamshi. Wani likita Bafaranshe, Luwi Kamil Mayar, ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Ita ce ƙamshin da ke tashi daga gidan burodi da asuba. Ita ce jan bayan masa da ƙosai da hoce, ita ce ƙamshin tsire da soyayyar gyaɗa. Shi ya sa dafaffen nama ba ya ƙamshin gasasshe, ko da rago ɗaya aka yanka.

Wanda ya auna kwaɓi kafin gashi, ya sake aunawa bayan an sauke, zai ga ya rage nauyi da kashi 10 cikin 100 ko fiye. Ba ɓacewa ya yi ba. Ruwa ne da iska da barasa suka shiga sarari. Antuwan Labuwaziye, a littafinsa na 1789, ya auna sukari kafin yis ta ci shi, ya auna abin da ya fito bayan ta ci, ya kafa ƙa'idar cewa a canjin sinadari ba abin da ke ɓacewa, ba abin da ke fitowa daga babu. Haruffan "gora" huɗu ne, na "rago" ma huɗu.

Inda tuwo ya tsaya

Kada a ɗauka ko'ina iyakar a fili take. Littattafai da dama sukan ce dahuwa duka canjin sinadari ce, su wuce. Tuwo bai yarda da wannan gaba ɗaya ba. Sitaci a cikin gari yana dunƙule ne cikin ƙananan ƙulli masu tauri. Idan aka yi talge, zafi ya haura digiri 60 zuwa 70, ruwa ya kutsa cikin ƙullin, su kumbura su fashe, zaren sitaci ya bazu ya kama ruwa. Shi ne kaurin da ke gajiyar da mai tuƙi. Amma molekul na sitacin bai zama wani abu dabam ba, zamansa ne ya sake. Idan tuwo ya kwana, zaren ya sake jeruwa ya matse, tuwo ya yi tauri. Da safe a yi ɗumame, ya sake laushi. Burodin da ya kwana biyu ma abin da ke damunsa ke nan, ba bushewa kaɗai ba. A ganina tuƙin tuwo ya fi kusa da canjin kama. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya ya yi ja, wannan kam na sinadari ne ba gardama. Idan tambaya ta zo a jarrabawa kan dahuwar abinci a dunƙule, amsar da ake nema ita ce canjin sinadari, amma ya kamata ɗalibin babban aji ya san abin da ke ƙarƙashin amsar.

Kanwa da daddawa

Iyayenmu mata sun daɗe suna sarrafa asid da kishiyarsa. Tsamiya da lemun tsami da yakuwa da nono duk asid gare su. Kanwa da ruwan toka su ne kishiyoyin asid, suna kashe tsami. Idan ƙullun masa ya kwana ya yi tsami, sai a zuba ɗan ruwan kanwa. Tsami ya ragu, ƙullu ya yi kumfa, domin haɗuwar kanwa da asid na fitar da kabon dayoksaid, iskar nan dai da yis ke bayarwa. Hodar da ake sa wa kek a kan wannan dabara aka yi ta. Kanwa kuma na sa wake ya yi saurin nuna, miyar kuɓewa ta yi yauƙi ta riƙe korenta. Sai dai tana da nata laifi: idan ta yi yawa takan lalata wasu bitamin, musamman B1 da C. Abinci ya yi kyau a ido, amfaninsa ya ragu.

Daddawa kuwa sai a sara wa wadda ta fara gano ta. Kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, tauri gare ta kamar tsakuwa, ba mai iya cin ta haka. A dafa ta yini guda, a surfe ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ɗumi kwana biyu zuwa uku. A nan wata bakteriya dabam da ta nono ke aiki. Maimakon sukari, furotin take farfasawa. Cikin abin da ke fitowa akwai gulutamet, sinadarin nan da ke ba dunƙulen miya na kanti daɗinsa, akwai kuma iskar amoniya, wadda ke cikin warin da ke sanar da maƙwabta cewa daddawa ta yi.

Abin da wuta ba ta iyawa

Wani zai ce, to, mene ne amfanin rarrabewar, ban da cin jarrabawa? Amfaninta shi ne sanin abin da girki ke iya gyarawa da wanda ba ya iyawa. Mukan ce wuta ta kashe komai. Ba haka ba ne.

Rogo mai ɗaci na ɗauke da wani sinadari wanda, idan an farfasa rogon, yakan rikiɗe ya saki guba mai suna sayanaid. Fera da gurzawa da jiƙawa na kwanaki su ke ba wannan canjin sinadari damar faruwa tun a waje, kafin rogon ya shiga ciki. Matsewa da shanya da suya kuma su kori gubar, domin ba ta da wuyar bin ruwa da iska. Wanda ya gajarta kwanakin don yunwa ko gaggawar kasuwa, ya bar aikin ya ƙarasa a cikin mai ci. Wannan guba ce da sarrafawa ke maganinta.

Gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi takan yi fumfuna, wani irin fumfunan kuma na haifar da guba mai suna afalatoksin, mai lalata hanta. An gano ta ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Wannan guba tana jure zafin girki na yau da kullum. Suya ba ta gamawa da ita, niƙa kuwa sai dai ya baza ta cikin sauran. Maganinta shi ne a busar da amfanin gona sosai, a adana a busasshen wuri, a kuma tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da su.

Na uku ya fi ciwo, don a jiharmu ya faru. A 2010 likitocin ƙungiyar Na-Gari Na-Kowa suka lura yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya na ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma daka su da niƙa su a cikin gari, wani lokaci a tsakar gida, da turame da injina irin na hatsi. Ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga abinci, ta shiga hannun yara. Yara aƙalla 400 suka rasu. Daka canjin kama ne: dutse ya zama ƙura, dalmar na nan, sai ma ta fi sauƙin shiga jiki. Tafasawa ma ba ta taɓa ta, domin dalma ba kalma ba ce da za a kwance a sake jerawa, harafi ce. Canjin sinadari yana sake jerin haruffa, amma ba ya share ko ɗaya. Shi ya sa aikin ceto ya zama kankare ƙasar saman gidaje a kwashe a binne a nesa, da ba yara maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Turmin da ya daka dutse bai kamata ya sake ganin hatsi ba.

Aikin hutu

Ga gwaji biyu da ba su bukatar ɗakin gwaje-gwaje. Na farko, ku sami kwalabe uku. Ku zuba wa kowace ƙaramin cokali na yis da babban cokali na sukari. Ta ɗaya a sa mata ruwan randa, ta biyu ruwa mai ɗumi wanda yatsa ke jurewa, ta uku ruwan da aka sauke yanzu daga wuta (wannan a nemi babba ya zuba, kuma a yi amfani da kwalba mai kauri). Ku ɗaura balan-balan a bakin kowace, ku riƙa dubawa bayan kowane minti 15 har awa ɗaya. Ku rubuta wadda ta riga kumbura, da wadda ta ƙi, da dalili.

Na biyu, ku jiƙa zoɓo ku tace, ku raba shi kofi uku. Ku bar na farko yadda yake. Na biyu ku matsa masa lemun tsami. Na uku ku ɗiga masa ruwan kanwa kaɗan-kaɗan kuna juyawa, ku lura da launin da ya koma. Sa'an nan ku matsa lemun tsami a cikin na ukun nan, ku ga ko jan zai dawo. Idan ya dawo, ku zo aji da amsar wannan: ga canji an mayar da shi yadda yake, shin na kama ne ko na sinadari? 'Yan aji uku na babbar sakandare su rubuto bayaninsu a shafi guda, a miƙa wa malamin kimiyya a makon farko na sabon zango.